Bikin Furanni na Ƙauyen Ingila: Me Ake Yi a Cikin Tantin Nan?

Tambaya: Wata 'yar'uwa da ta bi maigidanta Ingila, suna zaune a wani ƙauye a yankin Yorkshire, ta rubuto cewa an manna takardu a ko'ina ana shelar bikin furanni wata Asabar cikin Agusta, washegari kuma wasu gidaje za su buɗe lambunansu, har da wata gonar furanni ta iyali da ke bakin gari. Maƙwabciyarta ta gayyace ta. Tana son sanin mene ne ainihin abin, ko akwai ibada a ciki, kuma me ya sa mutane da hankalinsu za su ɓata watanni a kan abin da ba a ci.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ki amsa gayyatar, ki tafi da yara. Bikin da kike magana gasa ce ta masu lambu, ba ta da alaƙa da bauta, ko da yake akwai 'yan abubuwa a gefenta da zan nuna miki don ki kauce musu. Aikin lambu shi ne sana'ata, kuma lokacin da nake karatu a ƙasar nan babu ranar da nake ɗoki kamar ranar irin wannan biki, domin abin da na koya a cikin tantunan ƙauye bai gaza wanda na koya a aji ba.

Sai kin fahimci yanayin ƙasar kafin ki fahimci bikin. Abin da gidajen rediyo ke fassarawa da bazara idan ana maganar Turai bai yi kama da bazararmu mai zafi da jiran ruwa ba. Ta fuskar shuka ya fi kama da damina. Daga Yuni zuwa Agusta akwai ɗumi, akwai ruwa, ga kuma tsawon yini: a ƙarshen Yuni hasken rana yana wuce awa 16 a Landan, a inda kike ma ya ɗan fi haka. Amma lokacin gajere ne. Har cikin watan Mayu raɓar ƙanƙara tana iya sauka cikin dare ta ƙone duk shuka mai laushi, kuma daga Oktoba tana iya dawowa. Mai lambu a Ingila yana da kamar wata huɗu zuwa biyar na sararawa, sauran shekara kuwa shiri ne da jira a cikin sanyi da duhu. Wanda ya wuce Disamba a can, ya ga rana ta faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, bishiyoyi sun zama itace tsirara, zai gane dalilin da ya sa mutanen nan ke haukacewa a kan fure idan ya buɗe. Mu da muka san yadda gari ke canza fuska bayan ruwan farko bai kamata abin ya zame mana baƙo ba.

Takardar da kika gani ta haɗa abubuwa uku ne da asalinsu daban, ko da yake ƙauyuka da dama sukan haɗa su a ƙarshen mako ɗaya. Wanda ya fi tsufa, kuma wanda na fi so, shi ne gasar cikin tanti.

Makonni kafin ranar, ƙungiyar masu lambu ta ƙauyen takan fitar da wani ɗan littafi na sharuɗɗa. A ciki an jera rukunoni, wani lokaci fiye da ɗari: albasa uku, dankali biyar, wake shida, furen daliya uku a kwalba ɗaya, furen wardi guda, da sauransu, har da kek da jam da zuma da ɗinki da hotuna. Ranar Asabar da sassafe kowa zai kawo kayansa ya jera a kan dogayen tebura, a kafa ɗan kati a gefe mai lamba, a kife sunan mai shi. Wajen ƙarfe goma sai a fitar da kowa, a rufe tantin, alƙalai su shiga. Galibi daga wani gari ake ɗauko su, don kada a ce an yi sanayya. Da rana a buɗe wa jama'a, kowa ya ruga wurin kayansa ya ga ko an ajiye masa jan kati, alamar na ɗaya, ko shuɗi, alamar na biyu.

Wannan ɗan littafi doka ne. Idan an ce albasa uku kika kawo huɗu, ko da naki sun fi na kowa, alƙali zai rubuta haruffa uku a katinki, NAS, ma'ana ba ki bi sharaɗi ba, an fitar da ke. Na taɓa ganin wani dattijo da ya tsaya shiru a gaban wakensa na tsawon lokaci saboda ya ƙirga ba daidai ba da asuba. Raina ya sosu ƙwarai, domin na san aikin da ke bayan waken nan.

Baƙo yakan ɗauka wanda ya fi girma shi ke cin gasa. A yawancin rukunoni abin da alƙali ke nema shi ne lafiyar abin, da ɗanyantakarsa, da kuma daidaito. Albasa uku matsakaita da suka yi kama da juna kamar an buga su a injin ɗaya za su kayar da ƙatuwa guda da ke zaune tsakanin ƙanana biyu. Dalilin kuwa mai ma'ana ne: kowa na iya dacewa da abu ɗaya mai kyau a cikin kunya, amma fitar da uku ko biyar iri ɗaya, rana ɗaya, ba tabo ba huda, yana nuna an san ƙasa, an san ruwa, an san taki, an kuma iya lissafin kwanaki. Alƙali zai juya dankali ya duba bayansa, zai karya wake guda ya ji ko ya yi ƙaras ko ya tsufa ya yi zare, zai leƙa bayan fure ya ga ko ganyen baya sun fara yaushi. Babbar ƙungiyar masu lambu ta ƙasar, RHS, wadda aka kafa a 1804, tana da littafin jagora da alƙalai ke bi, inda aka ba kowane kayan lambu makinsa gwargwadon wuyar nomansa. Masu wuya irin su manyan albasa da dogon karas suna kai maki 20, masu sauƙi kuwa ƙasa da haka.

Ki tsaya sosai a teburin wani fure da zan kira shi waken ƙamshi, wanda su ke ce wa sweet pea. Za ki ji shi kafin ki gan shi. Ɗan'uwan wake ne, yana hawa sanda kamar yadda waken gida ke naɗe karan dawa, amma don furensa ake shuka shi, 'ya'yansa ba a ci, suna da illa. Asalinsa tsibirin Sisili ne a Italiya, inda wani malamin coci mai suna Francesco Cupani ya aika da irinsa Ingila a 1699. Furen farko ƙanana ne. Wani mai lambu, Henry Eckford, da ya zauna a garin Wem, shi ya yi ta barbarar iri a ƙarshen ƙarni na 19 har ya fitar da manya masu launi iri-iri. Abin ya kai ga a 1900 aka kafa ƙungiya ta ƙasa sukutum don wannan fure kaɗai, a 1911 kuma jaridar Daily Mail ta sa fam 1,000 ga wanda ya aiko da dami mafi kyau. Dubun dubatar akwatuna suka iso Landan ta gidan waya, kuma matar wani limamin coci daga ƙauyen Sprouston a Sikotland ce ta ɗauke kyautar.

Wanda zai shiga gasa da shi ba ya barin sa ya yaɗu yadda ya so. Yana zaɓar reshe ɗaya tak ya ɗaure shi a jikin gora, duk wani toho da ya fito a hammata ya tsinke, duk 'yan zaren da shukar ke miƙawa don ta kama sanda ya cire su, don ƙarfin ya tafi ga fure. Kusan kullum sai ya zagaya. Idan shukar ta kai ƙarshen gorar, sai ya kwance ta a hankali ya kwantar da ita ƙasa, ya ɗora kanta a gora ta gaba ta sake hawa. Duk wannan don ya sami kara dogo miƙaƙƙe mai ɗauke da fure huɗu a jere, dukansu a buɗe. Idan aka yi kwana biyu ana sanyi ba zato, ƙunshin furen ya zube, aikin ya koma baya. Manomin tumatir na fadama da ya san yadda fure ke zuba idan zafi ya yi yawa zai gane wannan ciwon.

Daliya ita ce sarauniyar ƙarshen Agusta da Satumba. Daga tsaunukan Meziko ta fito, ita ce ma furen ƙasa a can, kuma an raɗa mata suna ne don tunawa da wani masanin tsirrai ɗan Suwidin, Anders Dahl. Tana da saiwa kamar ta dankalin Hausa, kuma ba ta jure ƙanƙara, shi ya sa mutane da yawa ke tone ta idan sanyi ya ƙona ganyen, su adana a busasshen wuri har sanyi ya wuce. Akwai mai faɗi kamar faranti, akwai 'yar ƙarama zagayayya kamar ƙwallo, akwai mai tsini-tsini. Mai gasa yakan tsinke ƙunshin furen gefe ya bar na tsakiya kaɗai. Idan kika ga an kife ƙananan tukwane cike da ciyawa a kan sanduna a cikin lambu, tarko ne na wani ƙwaro mai almakashi a wutsiya da ke cin furen da dare, ya ɓuya a ciyawar da safe a kama shi. Wasu har lema suke kafa wa furen a makon ƙarshe don kada ruwa ya ɓata shi.

Ɓangaren kayan miya ma haka yake. Karas ɗin da za ki gani mai tsawon hannu ba a kunya aka shuka shi ba. Ganga ake cikawa da yashi, a huda rami mai zurfi da ƙarfe, a cika ramin da ƙasa mai laushi da aka tankaɗe, don saiwar ta sauka ba ta ci karo da ko tsakuwa ɗaya ba. Albasa kuwa tun cikin hunturu ake shuka irinta a ɗakin gilashi, a cire ta makonni kafin biki don ɓawonta ya bushe ya yi launin zinariya, a ɗaure wuyanta da zaren tukurwa. Akwai rukuni na dabam na wanda ya fi nauyi, inda ba ruwan kowa da kyau. A bikin kaka na Harrogate, nan yankinku, an auna albasa guda mai kilo 8.97 a 2023, wadda wani mai suna Gareth Griffin ya noma. Ni dai a ra'ayina wannan ɓangaren ya fi kusa da wasa, domin irin wannan albasa ruwa ne ya cika ta, ba ta ajiyuwa. Na fi girmama albasa uku masu ƙarfi da za su kai watanni a rataye.

To, ina abin ya samo asali? Mutane sukan zaci al'adar masu kuɗi ce. Masu kuɗi suna da nasu, wato babban bikin Chelsea da ake yi a Landan kusan kowane Mayu tun 1913, inda 'yan gidan sarauta ke zuwa. Amma gasar ƙauye daga hannun talakawa masu sana'a ta taso. A ƙarni na 18 da na 19 masaƙa a arewacin Ingila da Sikotland, waɗanda ke aiki a gida kuma ba su da fili sai ɗan bayan ɗaki, suka shahara da renon furanni 'yan ƙalilan da ke buƙatar ido fiye da fili. Masaƙan garin Paisley sun yi suna da wani ɗan fure mai zanen baki-baki a ganyensa. Na Lankasha da Cheshire suka kama wani ɗan itace mai tsami, guzberi, suna gasar wa zai fitar da ƙwaya mafi nauyi. A ƙauyen Egton Bridge da ke arewacin Yorkshire har gobe ana wannan gasa, ranar Talatar farko ta Agusta, ƙungiyar kuma tun 1800 take. Ƙwayar da a daji ba ta wuce girman ɗan yatsa ba, sun kai ta sama da giram 60, kusan ƙwan kaza. A Wakefield kuma akwai ƙungiyar masu furen tulib tun 1836, kuma har yanzu a cikin kwalaben giya marasa komai suke jera furensu, saboda a mashaya kakanninsu ke taruwa. Masu haƙar kwal na arewa maso gabas su kuma suka riƙe wata albasa mai dogon wuya da ba ta yin kai.

Daga baya, cikin ƙarni na 19, masu filaye da limaman coci suka shigo suna kafa ƙungiyoyi da sa kyaututtuka ga leburorin gona. Niyyarsu a gauraye take: suna son lebura ya ciyar da iyalinsa daga lambunsa, suna kuma son ya rage zaman mashaya, ya zama mai biyayya. Wannan ya zo daidai da yaɗuwar 'yan filayen haya da ƙananan hukumomi ke yanka wa marasa fili, wanda dokar 1908 ta wajabta musu samarwa idan jama'a sun nema. Cikakken fili ɗaya kamar murabba'in mita 250 ne. Yawancin kayan da za ki gani a kan teburan nan daga irin waɗannan filaye suka fito, daga hannun direban bas mai ritaya ko tsohuwar nas.

Yanzu ga tambayarki ta uku. Kuɗin kyauta ba ya kai ya kawo, fam ɗaya ne ko biyu, bai ko biya takin da aka zuba ba. Kofunan azurfa kuma aro ne, a zana sunanki, ki mayar baɗi. Mafi girman abin da ake samu a yawancin ƙauyuka shi ne lambar yabo ta Banks da RHS ke ba ƙungiyoyin da ke ƙarƙashinta su miƙa wa wanda ya fi kowa tara nasara a ɓangaren lambu. Abin da ke riƙe da mutane shi ne a gwada gwanintarsu a bainar jama'a, a gaban wanda ya san aikin. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kuma amfanin da na gani da idona shi ne ilimin da ke yawo a ranar. Wanda ya zo na uku zai tsaya kusa da na ɗaya ya tambaye shi yaushe ya shuka, wane iri ne, me ya zuba. Wani ya faɗa, wani ya ɓoye rabi. A haka iri mai kyau ke ratsa ƙauye, a haka ake gane wanda ya dace da ƙasar wurin. Nau'o'in guzberi da tulib da dama da kamfanoni suka daina sayarwa tuntuni suna raye ne yau kawai saboda waɗannan tsofaffi sun ci gaba da miƙa wa juna. A wurin mai nazarin tsirrai wannan babban aiki ne, kuma ba gwamnati ce ta sa su ba. Mu ma muna da irin wannan a baje kolin amfanin gona da ake haɗawa da bikin kamun kifi na Argungu, sai dai na Ingila ƙauye ne da kansa ke shirya abinsa kowace shekara, da kuɗin shiga da na shayi.

Kada ki wuce teburin yara. Akwai rukunin dabbar da aka ƙera da kayan lambu, da na ɗan lambu a cikin faranti, da na furannin da aka jera a kwalbar jam. Daga nan ake kama su.

Abu na biyu shi ne buɗe lambunan gidaje. Idan kika ga allo ruwan ɗorawa a bakin hanya da kibiya, na wani shiri ne mai suna National Garden Scheme. Ya fara ne a 1927, bisa shawarar wata mata, Elsie Wagg, don tara wa ma'aikatan jinya da ke bi gida-gida kuɗi, a zamanin da babu asibitin gwamnati kyauta. Shekarar farko lambuna 609 suka buɗe, kowane mai shiga ya biya sule ɗaya, aka tara sama da fam 8,000. Da farko na manyan gidaje ne. Yau lambuna kusan 3,500 ne ke buɗewa a shekara, da yawansu na talakawan gidaje, kuma kuɗin na tafiya ga ƙungiyoyin jinya irin su Macmillan da Marie Curie masu kula da masu ciwon daji da waɗanda ke kan gargara. Wasu ƙauyukan kuma nasu suke shiryawa don gyaran zauren taro ko makaranta ko rufin coci. Takardar za ta faɗi inda kuɗin zai je, ki karanta ki yanke wa kanki. Tikiti ɗaya ne, a ba ki taswira, ki bi gida-gida.

A ƙasar da maƙwabci zai shekara goma bai taka tsakar gidan maƙwabcinsa ba, wannan rana ce kaɗai da ƙofar baya ke buɗe ga kowa. Bature da ba ya iya wuce gaisuwa da maganar ruwan sama, idan kika tambaye shi sunan wata shuka sai kin gaji da saurare. Ladabin wurin kaɗan ne: ki bi turba, kada yara su tsinki komai, kada a ɗebi iri ko reshe ba izini, kada a leƙa cikin gida. Idan wani abu ya burge ki, ki tambaya, sau da yawa akwai dashensa a teburin sayarwa a bakin ƙofa da araha. Ni idan na shiga, wurin tara taki nake fara nema, can bayan rumfa, domin a nan ake gane mai lambu na gaske.

Na uku, gonar furanni ta iyali, shi ne sabo a cikinsu. Mafi yawan furannin da ake sayarwa a manyan kantunan Birtaniya daga waje suke zuwa, ta babbar kasuwar gwanjo ta Aalsmeer a Holan, wasu kuma tun daga gonakin bakin tafkin Naivasha a Kenya ko daga Kolombiya. An zaɓe su ne don su jure jirgi da firji, shi ya sa da yawansu ba su da ƙamshi. A 2011 wata manomiya a Yorkshire, Gill Hodgson, ta kafa ƙungiyar Flowers from the Farm don haɗa ƙananan masu noman fure na cikin gida, kuma tun daga nan suka yi ta ƙaruwa. Galibi eka ɗaya ne ko biyu, mata ne suka fi yawa a ciki, suna sayar wa masu biki da masu makoki da maƙwabta. Ranar buɗe gona akan ba ki bokiti da almakashi ki yanka da kanki. Ki yanka dogon kara, ki zare ganyen ƙasa don kada su ruɓe a ruwa, ki tsoma nan take, kuma ki zaɓi daliyar da ta riga ta buɗe domin ba ta ƙara buɗewa sosai bayan an yanke ta. A gida ki sake datse gindin, ki riƙa canza ruwa bayan kwana biyu, ki nisanta su da rana da kwandon ayaba, saboda iskar da 'ya'yan itace ke fitarwa idan suna nuna tana tsufar da fure.

A wannan gonar ki buɗe ido, za ki ga 'yan gida. Wancan mai jan geza da ke zubowa kamar jela, wanda ake sa wa amare a dami, dangin alayyahu ne. Akwai gero mai ganye ja-ja da ake shukawa don ado kawai. Zurma, wadda ke fitowa a juji a wurinmu ba mai kallonta, tana tsakiyar kwalliyar lambunan gwamnati saboda faɗin ganyenta. Ƙariya da muke kafawa a shinge ana sayar da ita a tukunya da tsada, ana lallaɓa ta a bakin taga. Gatarin kurege, mai fure ja da rawaya kamar harshen wuta da ke hawa ciyayi a dajinmu da damina, yana cikin furannin da masu shagon fure ke ji da su. Ranar da na fara ganin alayyahu a hannun amarya na daɗe ina tunanin yawan abin da muke takawa mu wuce.

Sauran abin da za ki kiyaye. Akan sayar da tikitin canki-canki don cin kyauta, wannan caca ce, ki ce a'a kawai, ba mai jin haushi, in kina so ki jefa sadaka a akwati. Wasu wuraren akwai rumfar giya da gashin alade, a gefe suke. A teburin kek ki tambaya ko an sa barasa, musamman mai busassun 'ya'yan itace, ko kitsen alade a cikin abin da aka gasa. Akwai kuma wani abu dabam da ake kira bikin furanni na coci, inda ake ƙawata cikin majami'a, wani lokaci a rufe da addu'a, haka nan bikin godiyar girbi da ake yi cikin kaka. Waɗannan suna da ibada a ciki, kuma takarda za ta nuna idan su ne. Ki kuma gargaɗi yara kada su sa komai a baki: 'ya'yan zurma da gatarin kurege da ƙariya duk guba ne, haka wani dogon fure mai kama da ƙararrawa jere a kara, wanda daga gare shi aka samo maganin zuciya na digoxin.

Idan sha'awa ta kama ki har kina tunanin kai iri gida, waken ƙamshi ba zai yi a Kano ko Maradi ba, zafi zai kashe shi kafin ya yi fure. Daliya sai wuri mai sanyi irin Jos ko Mambila. Ziniya da kosmos da furen rana kuwa 'yan ƙasar zafi ne, za su yi murna da daminarmu. Saiwa da dashe masu rai suna buƙatar takardar lafiyar tsirrai kafin su ƙetare iyaka, kuma dokar tana da dalili, da haka cututtuka ke shiga ƙasa.

Kafin ki bar tantin, ki nemi sakataren ƙungiyar ki karɓi ɗan littafin sharuɗɗan ki ajiye. Kusan kowane biki yana da rukunin sababbin shiga, da wani da ake kira kowane irin kayan lambu da ba a ambata ba. Alayyahu yana yi a bazarar Ingila. Ki shuka shi a 'yan tukwane a bakin taga cikin Afrilu, ki riƙa fitar da shi waje da rana na mako guda ko biyu don ya saba da iska, ki dasa a wuri mai rana a farkon Yuni bayan raɓar ƙanƙara ta wuce, ki tsare shi daga dodon koɗi da dare. Zuwa tsakiyar Agusta zai isa yanka. Ki yanke shi da asubar ranar, ki tsoma gindin a ruwa, ki rubuta sunansa a ɗan kati, kuma ki ƙirga sau biyu kafin ki fita daga tantin.